Bindiga Mai Ruwa ta Zamanin Jamus a Mango: Yadda Ake Tantance Ƙarfen da Labarinsa

Ranar 26 ga Agusta 1914, Manjo Hans-Georg von Döring, muƙaddashin gwamnan Jamus a Togo, ya miƙa wuya a Kamina kusa da Atakpame, bayan yaƙin da bai wuce mako uku ba. Da sojojin Ingila da na Faransa suka zauna ƙirga ganima, sun sami ƙananan bindigogi wajen 1,000, da harsashi kimanin 320,000, da bindiga mai ruwa guda uku. Uku kacal, a ƙasar da ta miƙe tun daga bakin teku a Lome har can arewa da Sansanne-Mango. Duk wanda aka nuna wa wani tsohon ƙarfe aka ce masa ga bindigar Jamusawan Mango, ko a gidan tarihi ne, ko a kundin 'yan gwanjon Turai, ko a bayan wani tsohon bariki, da wannan lissafi ya kamata ya fara.

Tambayoyi biyu ne a gaban mai tantancewa, kuma sau da yawa akan cakuɗa su. Ta farko, ƙarfen nan na asali ne, ko haɗe-haɗe ne? Ta biyu, labarin da aka rataya masa gaskiya ne? Bindiga tana iya zama ta asali daga baki har gindi, amma ba ta taɓa shan ƙurar Afirka ba. Wata kuma an canza mata rabin kayan ciki, alhali ita ce ta yi yaƙin. A kasuwar kayan tarihi labari ne ke ɗaga farashi, shi ya sa an fi yin jabunsa fiye da na ƙarfe. Ƙarfe yana faɗin wanda ya ƙera shi da shekarar da aka ƙera shi. Inda ya je da wanda ya harba, wannan sai takarda da shaidar mutane.

Abin da ya faru a Mango

Mango ba baƙon gari ba ne ga Bahaushe. Yana bakin kogin Oti, a kan hanyar fataken goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, kuma tun kafin zuwan Turawa akwai zango a cikinsa. Masu garin, Anufo, waɗanda aka fi sani da Cakosawa, mayaƙa ne da suka taso daga yankin Ano na Kwaddibuwa ta yau a ƙarni na 18, suka kafa mulki a kan ƙabilun da ke kewaye. Garin da ke da kasuwa da mashigin kogi da mayaƙan doki dole ya ja idon Turawa. Ayarin Dokta Hans Gruner ya isa can a farkon 1895, a 1896 Jamusawa suka kafa bariki, yarjejeniyar da suka ƙulla da Faransa a Yuli 1897 ta bar musu Mango, Faransa ta ɗauki Gurma.

Daga nan jini ya fara zuba. Ranar 4 ga Disamba 1896, Laftanar Valentin von Massow, a kan hanyarsa ta zuwa Mango, ya fatattaki rundunar Dagomba a Adibo, ya wuce ya ƙone Yendi. A 1897 zuwa 1898 aka koma kan Konkomba, sannan a Janairu 1898 aka auka wa Kabiye, da hannun Massow da Gaston Thierry na barikin Mango da Dokta Hermann Kersting, wanda ya kafa barikin Sokode. A yaƙe-yaƙen Konkomba da Kabiye rundunar Massow tana jan bindiga mai ruwa, mutanen da take fuskanta kuwa kwari da baka ne a hannunsu. Sojojin da suka yi wa Jamus wannan aiki 'yan Afirka ne, na rundunar 'yan sandan da aka kafa a 1885, wadda Hausawa ne farkon waɗanda aka ɗauka a cikinta.

A 1914 kuwa Mango ba ta ga babban faɗa ba. Rundunar Faransa ta gangaro daga arewa da mahayan Mossi, 'yan barikin suka janye kudu, aka shiga garin a tsakiyar Agusta. Inda bindigogi masu ruwa suka yi aiki shi ne bakin kogin Kra, kusa da garin da yanzu ake kira Wahala, ranar 22 ga Agusta. Can Jamusawa suka tare sojojin Kanar Frederick Bryant wuni guda, aka kashe Laftanar George Thompson, hafsan Ingila na farko da ya mutu a fagen daga a yaƙin duniya na ɗaya. Bayan haka Mango ta zauna a hannun Faransa har Togo ta sami 'yanci ranar 27 ga Afrilu 1960, kuma ko a 1935 zuwa 1936 sojojin Faransa, ƙarƙashin wani laftanar mai suna Jacques Massu, suna fama da Konkomba.

Wannan tarihi ya ba mai bincike ƙofofi uku. Bindigar da ta yi yaƙin cin ƙasa dole ta kasance ƙirar da ta riga 1898. Wadda Jamusawa suka riƙe har ƙarshe ba za ta wuce ƙirar 1914 ba, domin daga ranar da aka fara yaƙi babu jirgin ruwan Jamus da ya sake sauke makami a Lome. Duk abin da ya zo bayan nan na Faransa ne ko na wani daban.

Uwa ɗaya, 'ya'ya da yawa

Hiram Maxim, haifaffen Amurka mazaunin Landan, shi ya fito da wannan bindiga a 1884. Dabararsa ita ce ya sa ƙarfin da ke tura bindiga baya idan an harba ya yi aikin da hannu ke yi: ya zare kwanso, ya jawo sabon harsashi daga jigida, ya ɗana, ya sake harbawa. Jigidar ta zane ce mai kauri, tana cin harsashi 250, bindigar kuma tana iya zubar da 500 zuwa 600 a minti guda. Wuta irin wannan tana narka bututu, don haka aka saka shi cikin tankin ruwa mai cin wajen lita 4. In aka matsa mata ba hutu, ruwan ya tafasa, tururi ya tashi.

Ƙasar Hausa ta san ta sarai. Kamfanin Royal Niger ya kai ta Bida da Ilori a 1897. Kanar Morland ya tsaya da ita gaban ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka kafa ta a filin Giginya na Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka sake jin ta a Burmi cikin Yuli. A Fabrairu 1906 mutanen Satiru suka ƙwace guda daga hannun sojojin Ingila, ba ta koma ba sai da aka rushe garin a Maris. A Adamawa ma Hans Dominik na Jamus ya yi amfani da ita kan Lamiɗo Zubairu a Marwa a Janairu 1902.

To, matsalar ita ce ƙasashe da yawa sun ƙera ta, kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya. Na farko-farko sun fito daga Ingila da sunan Maxim-Nordenfelt daga 1888, sannan Vickers, Sons & Maxim daga 1897, da yawansu tankin ruwan na tagulla ne, wasu ma na cin harsashin baƙin albarushi irin na Martini-Henry. A Jamus kamfanin Ludwig Loewe ne ya fara ƙerawa da izini, ya rikiɗe ya zama DWM a 1896, daga bisani aka sami MG 99, da MG 01, sannan MG 08 a 1908. Ita MG 08 tankinta sumul yake, tana cin harsashin milimita 7.92, nauyinta wajen kilo 26, tana zama a kan wani gadon ƙarfe mai ƙafa huɗu da ya fi ta nauyi. Ƙanwarta MG 08/15 tana da ƙota da mariƙi irin na ƙaramar bindiga da ƙafa biyu, kuma sai a 1917 ta yawaita a fagen daga. Vickers ta Ingila, wadda aka karɓa a 1912, ta fi siranta, tankin na farkonta mai tsaga-tsaga ne. Ta Rasha, ƙirar 1910, tana kan taya biyu da garkuwa. Sin ma ta yi tata a shekarun 1930. Faransa kuwa ta bi wata hanya: Hotchkiss ba ta da tanki sam, iska ke sanyaya ta, ana gane ta da zobba biyar masu kauri a gindin bututu, harsashinta kuma a jere yake kan faifan ƙarfe.

Da wannan kaɗai an yi rabin aiki. In aka ce MG 08 ce ta yaƙi Kabiye, maganar ta faɗi, domin shekara goma ta rage a haife ta. In MG 08/15 ce aka ce an kama a Togo, nan ma ta faɗi. In Hotchkiss ce, a nemi labarinta wajen Faransawa.

Karatun ƙarfe

Wurin farko da ake dubawa a MG 08 shi ne murfin sama. A nan aka buga sunan ƙira, da lambar bindiga, da maƙera, da shekara: ko DWM Berlin, ko masana'antar gwamnati ta Spandau. MG 08/15 kuwa maƙeranta sun fi yawa, har da Erfurt, da MAN, da Siemens & Halske, da J.P. Sauer, da Rheinmetall. Mafi yawan waɗanda ke yawo a duniya yau na ɗauke da 1916 ko 1917 ko 1918, lokacin da Jamus ke fitar da su dubbai saboda ramukan yaƙin Faransa da Beljiyam. Kowace daga cikinsu tana iya zama ta asali, amma babu ko ɗaya da ta yi wa Jamus aiki a Togo. Akwai kuma masu shekara biyu, ta ƙira da kuma 1920. Wannan tambarin mallakar sojan Jamus ne bayan yarjejeniyar Versailles, wadda ta ƙayyade musu manya 792 da ƙanana 1,134. Bindigar da ke da shi tana Jamus a 1920, shekara shida bayan faɗuwar Kamina.

Daga murfi sai a bi lambobi. Maƙeran Jamus sukan maimaita lambar bindiga a kan manyan sassanta, har da mashigin jigida da makullin da ke ɗana harsashi. In duk suka dace, an sami abin da masu tarawa ke nema ruwa a jallo. In ba su dace ba, ba a yanke hukunci nan take. Bututu da makulli kayan canji ne tun asali, kowace bindiga da nata na ajiya take tafiya, kuma a tsakiyar faɗa babu sojan da ke tsayawa duba lamba. Makanikan soja sukan soke tsohuwar lamba da layi su buga sabuwa a gefenta, a fili ba ɓoyo. Irin wannan gyara shi kansa tarihi ne. Abin da ke tayar da hankali shi ne lambar da aka goge don a ɓoye.

Ga yadda ake kama ta. A kwantar da hasken tocila a gefen ƙarfen, kada a haska shi kai tsaye. Inda aka ci da zarto ko dutsen niƙa za a ga ɗan kwari, ko da an shafe shi da fenti. A sa madubin ƙara girma a kan haruffan. Lambar da ta shekara ɗari bakinta ya dakushe, tsatsar da ke cikin raminta launinta ɗaya da ta kewaye. Sabuwar lamba bakinta kaifi gare shi, wani lokaci ma za a ga ta hau kan ramukan da tsatsa ta riga ta ci, wato tsatsar ta girme ta. A gwada siffar 1 da 7 da 4 da na wata bindigar da ba a shakkarta, daga masana'anta ɗaya, shekara ɗaya. Sannan a dubi ƙusoshin da suka haɗa bangon bindigar: na asali kansu daidai yake, sun tsufa tare da bangon. Walda a inda ya kamata a ga ƙusa alama ce ta hannun baya.

Akwai dalilin da ya sa bangon ke da muhimmanci. A dokar Amurka, inda babbar kasuwar take, bangon dama shi ne bindigar, shi ake yi wa rajista, kuma tun 19 ga Mayu 1986 aka rufe yi wa farar hula rajistar sabuwa. Saboda haka akwai bindigogi da yawa da aka harhaɗa da tsofaffin sassa a kan bangon da aka yanka a shekarun baya-bayan nan. A Turai kuma yawancin na hannun jama'a an kashe su ne, an toshe bututu an like kayan ciki yadda ba za su sake harbi ba. Ke nan asali hawa-hawa ne: akwai wadda ta zo yadda ta fito daga masana'anta, akwai wadda soja ya gyara a zamaninta, akwai wadda ɗan kasuwa ya haɗa, akwai kuma kwaikwayo zalla na 'yan fim. Mai gaskiya yakan faɗi matakin da kayansa yake.

Yanayin wuri ma shaida ne. Ƙarfen da ya yi damina sama da ɗari a kwarin Oti, ko a ƙasa ko a wani kango, ba zai fito da mariƙin katako lafiyayye ba, gara ta daɗe da gamawa da shi, jigidar zane kuwa ba a ma maganarta. In aka ce daga Mango aka tono ta jiya amma tana sheƙi, to ko dai labarin ne ƙarya, ko an yi mata kwaskwarimar da ta share shaidar. Wannan kwaskwarima ita ce babbar ɓarnar masu kyakkyawar niyya. A ƙarƙashin fentin da ake kankarewa ne sau da yawa ake samun rubutun bataliyar da ta kama bindigar, da rana, da wuri.

Isnadin bindiga

Malaman hadisi ba sa karɓar magana don daɗinta, sai sun bi isnadi: wa ya ji daga wa, sun haɗu kuwa, akwai giɓi a tsakani? Haka ake yi wa bindigar tarihi. Daga masana'anta zuwa rundunar da aka ba, daga rundunar zuwa wanda ya kama, daga shi zuwa ma'ajiya, daga ma'ajiya zuwa mai ita na yau. Abin da ke ɗaure wannan sarƙa shi ne lambar bindiga. Takardar da ta ce an kama bindiga a wuri kaza ba tare da lamba ba, ta tabbatar da cewa an kama wata bindiga ne kawai.

Ganimar yaƙin Turai ta fi sauƙin bi. Bayan 1918 Kanada da Ostareliya sun raba wa garuruwansu dubban makaman Jamus, kuma sun ajiye rajista mai nuna lamba, da rundunar da ta kama, da garin da aka kai. Na Togo sai an yi tono. Fayilolin ma'aikatar mulkin mallaka ta Jamus suna ma'ajiyar tarayya a Berlin, takardun barikoki na zamanin Jamus suna ma'ajiyar ƙasa a Lome, rahotannin Bryant suna Landan, na Faransawa kuma a ma'ajiyar sojansu. Littafin da Massow ya riƙa rubuta al'amuran kullum, wanda masanin tarihi Peter Sebald ya buga a 2014, yana bin tafiyar rundunar zango-zango har zuwa 1899, shekarar da mai shi ya mutu. Hotuna ma suna taimakawa. Hans Schomburgk da Meg Gehrts sun ɗauki fim a arewacin Togo, har da Mango, a 1913 zuwa 1914, kuma tsohon hoto mai kyau yana iya nuna irin gadon bindiga da siffar tankinta ko da lamba ba ta fito ba.

Sai shaidar baka. Tsofaffin Mango da Sokode da ƙasar Konkomba sun gaji labarin inda aka kafa bindiga, da wanda ya faɗi, da inda mutane suka gudu. Irin wannan shaida tana da ƙarfi wajen wuri da sunaye, tana da rauni wajen ƙira da shekara, domin a bakin jama'a duk tsohon ƙarfen Bature na Jamus ne. Ana haɗa ta da abin da ƙasa ta riƙe: gindin kwanson Jamus yana ɗauke da alamar masana'anta da wata da shekara, saboda haka kwanso guda daga wurin da tsofaffi suka nuna ya fi dogon bayanin dillali. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yawanci a kan shekara yake ƙurewa.

Hannun wa ya kamata ta shiga

A yankinmu wannan ba kayan ado na falo ba ne. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a Yuni 2006, ta hana farar hula riƙe makamai irin wannan, dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ma ta sa su cikin haramtattu. Yankin Savanes, wanda Dapaong ce hedikwatarsa kuma Mango na cikinsa, ya shiga ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro a Yuni 2022 saboda hare-haren da ake kaiwa ta iyakar Burkina Faso. Wanda ya ci karo da tsohon makami a gona ko a kango, kada ya ɗauka, kada ya goge, kada ya taɓa harsashin da ke kusa. Ya sanar da mai gari da hukuma, ya nemi a rubuta wurin daidai, domin da zarar an ɗauke ƙarfe ba a rubuta inda yake ba, rabin tarihinsa ya tafi. Gidajen tarihi na Sokode da Dapaong da na ƙasa a Lome su ne mazauninsa, kamar yadda Kumasi da Umuahia ke da gidajen tarihin soja.

Wannan hanya ta bin diddigi ita ce kuma ake amfani da ita a ɗaya ɓangaren, wato kan kayan da aka kwashe zuwa Turai. Gaston Thierry, wanda aka kashe kusa da Mubi a 1904, ya kwashi kaya masu yawa daga arewacin Togo lokacin yaƙe-yaƙensa, suka ƙare a gidajen tarihin Jamus irin su Linden na Stuttgart. Masu bincike na Togo da Jamus yanzu suna gwada ranar da kaya suka shiga rajista da ranar da aka kai wa gari kaza hari, don a gane abin da aka saya da abin da aka ƙwata. Kwari da baka da layun da ke cikin waɗancan gidajen tarihi na mutanen da suka tsaya gaban bindigar ne.

Saboda haka tantancewar da ta tsaya kan lambar murfi ba ta kammala ba. Ɗan gwanjo yana iya wadatuwa da sanin cewa DWM ce kuma lambobi sun dace. Ɗan Mango da ɗan Sokode suna da ƙarin tambayoyi: wane gari aka juya mata baki, su wa suka ɗauke ta a ka daga bakin teku, wane saje ne ya riƙa ɗana mata jigida. Allon bayanin da za a kafa gabanta a gidan tarihi ya kamata ya raba abu uku a fili, wato abin da ƙarfe ya nuna, da abin da takarda ta tabbatar, da abin da tsofaffi suka ruwaito. Inda isnadi ya yanke a rubuta cewa ya yanke, a bar wa mai bincike na gaba ya ɗora daga nan.